Vijay Singh: Yadda Ɗan Fiji Ya Sauke Tiger Woods Daga Matsayi Na Ɗaya

Tambaya: Na ga jerin 'yan wasan golf da suka taɓa zama na ɗaya a duniya, sai na tarar a 2004 wani Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, ya karɓe matsayin daga hannun Tiger Woods yana da shekara 41. Wane ne shi? Sa'a ya taka saboda wasan Tiger ya yi sanyi a lokacin, ko da gaske ya cancanta? Na kuma ji ana cewa an taɓa kama shi da maguɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ya cancanta, kuma tsarin da ake bi wajen fitar da na ɗaya a duniya bai bar wa sa'a wata ƙofa mai faɗi ba. Ana tara makin da ɗan wasa ya samu ne a cikin shekara 2 da suka gabata, a ba sababbin sakamako nauyi fiye da tsofaffi, sannan a raba da yawan gasannin da ya shiga. Mutum na iya wayar gari hannunsa ya yi kyau ya cinye gasa guda, har biyu ma, amma ba ya hawa wannan kujera sai ya yi wata da watanni yana gamawa a sahun gaba. Daga Agustan 1999 zuwa ƙarshen Oktoban 2010, sama da shekara 11 ke nan, mutum ɗaya tak ne ya iya raba Tiger Woods da matsayin, shi ne Vijay Singh. Ernie Els bai iya ba a wannan tsakanin. Phil Mickelson, da dukan baiwarsa da farin jininsa, bai taɓa hawa ba ko na mako guda.

Sai dai ba za ka gane nauyin abin ba sai ka san inda mutumin ya taso da irin hanyar da ya biyo.

An haife shi ran 22 ga Fabrairun 1963 a Lautoka, ya girma a Nadi, garin da babban filin jirgin saman Fiji yake. Asalin gidansu Indiyawa ne; akasarin Indiyawan Fiji zuriyar leburorin da Turawan Birtaniya suka kwaso daga Indiya ne tsakanin 1879 da 1916 domin noman rake. Mahaifinsa, Mohan Singh, ma'aikaci ne a sashen kula da jiragen sama, yana buga golf, yana kuma koyarwa, don haka a hannunsa yaron ya fara riƙe sanda, a ɗan filin golf da ke maƙwabtaka da filin jirgin. Fiji ƙasar ƙwallon zari-ruga ce. Babu makarantar horar da 'yan golf, babu wani ɗan ƙasar da ya yi suna a wasan da yaro zai ce ga wanda zan bi. Abin da ya samu shi ne hotunan bugun Tom Weiskopf, dogon Ba'amurken nan da ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1973, sai ya zauna yana kwaikwayon yadda yake ɗaga sanda da yadda yake sauke ta. Zaɓin ya dace da shi, domin shi ma dogo ne, kuma dogon mutum yana buƙatar bugu mai faɗi da natsuwa, irin wanda ba a fizga. Duk wanda ya kalli bugun Singh ko da ya tsufa zai ga wannan natsuwar.

Ya shiga wasan a matsayin sana'a a 1982, yana da shekara 19. A nan ya kamata in tsaya in bayyana maka yadda wannan sana'a take, domin ita ce mabuɗin maganar maguɗin da ka tambaya. A wancan zamanin ɗan golf ba shi da albashi, ba shi da ƙungiyar da za ta ɗauke masa ɗawainiya kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Kuɗin jirgi, kuɗin masauki, abinci, ladan mai ɗaukar masa jakar sanduna, duk daga aljihunsa. Gasa kwana 4 ce, kowace rana rami 18, wanda ya gama ramuka 72 da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Bayan kwana 2 ana tankaɗe, a sallami wajen rabin 'yan wasan, kuma bisa al'adar wasan wanda aka sallama ba ya samun ko sisi. Bugu ɗaya ne kan raba wanda zai biya kuɗin otal da wanda zai koma da bashi. Saurayin da ya fito daga tsibiri ba mai ɗaukar nauyinsa, yana yawo tsakanin Ostireliya da ƙasashen Asiya, a kan wannan bugu ɗaya rayuwarsa take rataye kowane mako.

Ya ci gasar ƙwararru ta Malesiya a 1984. A 1985 kuma, a gasar Open ta Indonesiya a Jakarta, aka zarge shi da rage bugu ɗaya a katin ƙirgarsa domin ya tsallake tankaɗe. Hukumomin gasannin Asiya suka dakatar da shi. Shi kuma tun daga lokacin bai taɓa amsa laifin ba, ya ce rashin fahimta ne. Yana da shekara 22.

Wanda bai san golf ba zai ce bugu ɗaya me ya kai ya kawo. A wannan wasa babu alƙalin da ke bin kowane ɗan wasa yana ƙirga masa. Abokin zagayenka ne yake rubuta maka bugunka rami bayan rami, kai kuma ka duba ka sa hannu. Idan ka sa hannu a kan adadin da ya yi ƙasa da abin da ka buga a wani rami, an kore ka daga gasar. Idan ya yi sama, haka zai zauna, kai ka jiyo. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya buga 3 a rami na 17, Tommy Aaron da ke rubuta masa ya sa 4, shi kuma ya sa hannu bai lura ba. Duniya ta ga ya buga 3, amma 4 ɗin ce ta zauna, ya rasa damar bugun raba gardama da Bob Goalby. Wasan da ya tsananta haka a kan kuskure, ka ƙiyasta yadda zai ɗauki wanda aka ce da gangan ya taɓa kati. Amana ce jarin wasan baki ɗaya, shi ya sa tabon ya bi Singh har cikin shekarun ɗaukakarsa, duk sa'ad da ya ci babbar gasa sai wani ɗan jarida ya tono Jakarta.

Ra'ayina a nan shi ne, an yanke masa hukunci, ya kuma sha hukuncin da tsanani. Bayan haka ya yi sama da shekara 30 yana wasa a manyan gasannin Turai da Amurka, kyamarori na kansa, abokan hamayya na sa masa ido fiye da kowa, ba a sake kama shi da abu irin wannan ba. Adalci ne a ambaci 1985, amma zalunci ne a ce da ita kaɗai za a auna mutumin.

Da aka rufe masa ƙofar Asiya, sai ya tafi tsibirin Borneo, ɓangaren Malesiya, ya kama aikin koyar da golf a wani ƙaramin kulob a Keningau da ke jihar Sabah, daga baya a Miri da ke Sarawak. Wurare ne masu zafi da gumi, nesa da duk inda ake maganar golf. Ga mafi yawan mutane nan labarin zai ƙare. Shi kuwa nan ya mayar da filin atisaye gidansa: ya koyar da mai son koyo, sauran yinin ya tsaya yana dukan ƙwallo. A ganina shekarun Borneo su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin a can ya saba da abin da ke gagarar yawancin masu baiwa, wato yin aiki shi kaɗai, babu mai kallo, babu gasa gobe, babu tabbacin za a sake buɗe masa wata ƙofa. A 1987 ya je Sikotland neman gurbin shiga gasar Open, bai samu ba, har ya yi gadin ƙofar wani gidan rawa a Edinburgh domin ya riƙe kansa.

Afirka ce ta buɗe masa hanya. A wancan zamanin akwai jerin gasanni da ake kira Safari, waɗanda 'yan wasan Turai ke zuwa lokacin da sanyi ya hana wasa a ƙasashensu. Ba ƙananan gasanni ba ne kamar yadda wasu ke zato. Sandy Lyle, wanda daga baya ya ci Open da Masters, ya ci gasar Open ta Najeriya a 1978. Singh ya ci wannan gasa ta Najeriya a 1988, a ƙarshen shekarar ya tsallake gasar neman gurbi ya samu katin wasa a Turai. A 1989 ya sake cin ta Najeriya, ya haɗa da ta Kwaddibuwa da ta Zimbabuwe, ya kuma ci gasarsa ta farko a jerin Turai, Volvo Open, a Italiya. Daga nan ya yi ta ci a Sifen da Jamus da Maroko. Sai a 1993, yana da shekara 30, ya shiga jerin gasannin PGA na Amurka, inda manyan kuɗi da manyan 'yan wasa suke. A shekarar ya ci Buick Classic bayan ya doke Mark Wiebe a bugun raba gardama, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin shiga. Ka tuna Tiger Woods yana da shekara 20 ya shiga wannan jeri, yana da 21 ya ci Masters. Tazarar shekara 10 ke tsakaninsu tun daga mafari.

To, me yake da shi a hannu? Golf kusan wasa biyu ne a cikin ɗaya. Akwai dogon bugu, na ɗaga ƙwallo daga mafari zuwa lallausar shimfiɗar ciyawar da ramin yake. Akwai kuma gangara ƙwallo a kan wannan shimfiɗa har ta faɗa rami, da sanda ta daban. Singh babban gwani ne a dogon bugu. Yana aika ƙwallo nesa, yana ɗaga ta sama sosai ta sauka ta tsaya, kuma yana maimaita bugu iri ɗaya yau da gobe da jibi. Dabararsa a shekarun ƙarfinsa ita ce ya ɗauki babbar sanda ya tura ƙwallon iya nisan da za ta je, ko da za ta ɗan kauce ta shiga doguwar ciyawa, domin ya san daga kusa, da gajeriyar sanda, ƙarfin hannunsa zai fitar da ita ya ɗora ta kusa da rami. A lokacin tsofaffin masana na ganin wannan ganganci ne. Yau kusan haka manyan 'yan wasa suke yi, bayan ƙididdiga ta nuna cewa nisa yana rage bugu fiye da yadda ake zato a da.

Wannan gwaninta kuwa gumi ne ya sayo ta. Abokan wasansa sun shaida cewa shi ne kan riga kowa zuwa filin atisaye, shi ne na ƙarshen tashi, ɗaruruwan ƙwallaye a yini, har a ranar da ya buga zagaye cikakke. Ba duka kawai yake yi ba. Yana da kayan gyara da ya shahara da su: ya kafa sanda a ƙasa don ya tilasta wa bugunsa bin hanya ɗaya, ya ajiye gorar ruwa kusa da ƙwallo ta yadda in ya karkace zai doke ta, ya maƙale safar hannu a hammata don hannu da jiki su juya tare, ya yi lilo da sanda mai nauyi don ƙarfafa jiki. Ya kafa gidansa a Ponte Vedra Beach a jihar Florida, kusa da filin Sawgrass, inda hedkwatar PGA take da babban wurin atisaye. Da ya doshi 40 sai ya ƙara da motsa jiki mai tsanani tare da mai horarwa, abin da ba kasafai 'yan golf na tsararsa suke yi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Rauninsa a fili yake: gangarawa. Ya sha wahala da ita tsawon rayuwarsa ta wasa, ya sauya sanda ya sauya riƙo ba adadi. Akwai lokacin da ya koma doguwar sandar da ake tokarawa a ciki don hana hannu rawa, salon da dokar wasan ta haramta daga Janairun 2016. Wannan ne ma ya sa nake ƙara girmama abin da ya yi. Mafi yawan waɗanda suka mamaye wasan, irin su Jack Nicklaus da Tiger Woods, mutane ne da ƙwallo ke faɗa musu rami a lokacin da ake tsananin bukata. Singh ya kai ƙololuwa ne ta hanyar ɗora ƙwallo kusa da rami sau da yawa har ya zama ko ya zubar da wasu damammaki, waɗanda suka rage sun isa.

Babbar gasarsa ta farko cikin manyan huɗun nan, wato Masters da PGA da Open ta Amurka da Open ta Birtaniya, ta zo a 1998, yana da shekara 35. Gasar PGA ce a filin Sahalee kusa da Seattle, fili mai ƙunci da dogayen itatuwa, ya ba Steve Stricker tazarar bugu 2. A nan sa'a ta taɓa shi sau ɗaya, don a rami na 11 a ranar ƙarshe ƙwallonsa ta daki itace ta faɗo kan shimfiɗa maimakon ta ɓace a daji. A mako na gaba ya sake cin wata gasar.

Ta biyun ita ce Masters ta 2000 a Augusta, jihar Jojiya, kuma ta fi ba ni mamaki, domin Augusta fili ne da shimfiɗunsa ke da santsi da gangare, wurin da ake cewa mai raunin gangarawa ba ya kai labari. Ya gama da bugu 278, wato 10 ƙasa da ƙa'idar filin (yawan bugun da aka tsara gwani ya yi), ya ba Ernie Els tazarar 3. Shekarar 2000 ita ce shekarar da Tiger Woods ya buga golf ɗin da da yawa ke ganin ba a taɓa buga irinsa ba, ya cinye sauran manyan gasanni 3 a jere. Guda ɗayar da ta kuɓuce masa, Singh ne ya ɗauke ta. Ga mai cewa sai da Tiger ya yi sanyi Singh ya samu wuri, wannan ita ce amsa ta farko. Akwai kuma wani nauyi a ganin mutum mai duhun fata daga tsibirin Fasifik sanye da koriyar rigar da ake ba wanda ya ci Masters, a kulob ɗin da sai 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasarsa, sai 1990 kuma ya karɓi baƙar fata a matsayin mamba.

Yanzu ga shekarun da ka tambaya. A 2003 Singh ya ci gasa 4, ya fi kowa tara kuɗin gasa a Amurka, sama da dala miliyan 7 da rabi, alhali Tiger ya ci gasa 5 a shekarar, ba za a ce yana barci ba. A 2004 kuwa Singh ya ci gasa 9, ya zama mutum na farko da ya haura dala miliyan 10 a kaka ɗaya. Guda 6 daga cikin 9 ɗin sun zo ne daga watan Agusta zuwa ƙarshen kaka, bayan ya ajiye doguwar sandar ya koma gangarawa da gajeriya. A cikinsu akwai gasar PGA a Whistling Straits, jihar Wisconsin, a gaɓar tafkin Michigan, kuma yadda ya ci ta yana nuna halinsa. Ranar ƙarshe wasa ya ƙi shi. Ya buga 76, bai ci ko rami ɗaya ƙasa da ƙa'ida ba a cikin 18. Amma bai watse ba, ya riƙe har aka tashi kunnen doki da Justin Leonard da Chris DiMarco. A ramin farko na raba gardama ya buga bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida, karo na farko a yinin, kuma shi ya ba shi kofin.

Ran 6 ga Satumban 2004, a gasar Deutsche Bank kusa da Boston, aka haɗa shi da Tiger Woods a rukunin ƙarshe, gaba da gaba, kowa ya san wanda ya gama a gaba shi ne na ɗaya a duniya. Singh ya fara yinin da ratar bugu 3. Tiger ya kamo shi a cikin ramuka 9 na ƙarshe. A irin wannan wuri ne 'yan wasa da yawa na wancan zamani suka saba narkewa, domin ganin jar rigar Tiger a ranar ƙarshe kaɗai yana karya gwiwa. Singh ya buga ƙasa da ƙa'ida a ramuka 3 cikin 4 na ƙarshe, ya ci da tazarar 3, ya kawo ƙarshen mako 264 da Tiger ya yi a jere yana na ɗaya. Mako guda bayan haka ya je Kanada ya doke Mike Weir, ɗan ƙasar, a gaban jama'arsa.

Gaskiya ne Tiger bai kasance a ganiyarsa ba a 2004. Ya rabu da kocinsa Butch Harmon, yana sake gina bugunsa da Hank Haney, gasa 1 kacal ya ci a jerin PGA a shekarar. Wannan ya buɗe ƙofa, babu musu. Amma ƙofar a buɗe take ga kowa, ga Els, ga Mickelson da ya ci Masters a shekarar, ga Retief Goosen da ya ci Open ta Amurka, kuma mutum ɗaya ne ya shiga. Ka haɗa 2003 da 2004 da 2005: Singh ya ci gasa 17 a jerin PGA, Tiger ya ci 12. A 2005 sun yi ta karɓe-karɓen matsayin har zuwa watan Yuni da Tiger ya riƙe shi ya daɗe. Jimillar makonnin Singh a sama 32 ne.

Me ya sa to sunansa bai cika bakin mutane ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ma yana da nasa kason a ciki. Mutum ne mai kame kansa, ba ya neman 'yan jarida, bai kuma amince da su ba, wanda ba abin mamaki ba ne ga wanda suka yi shekaru suna tuna masa rana mafi muni a rayuwarsa. A gasar Kofin Shugabanni ta 2000, wadda ake yi tsakanin 'yan wasan Amurka da na sauran ƙasashen da ba na Turai ba, mai ɗaukar masa jaka, Paul Tesori, ya sa hula da aka rubuta wata 'yar tsokana a bayanta, mai ma'anar wane ne kuma Tiger. Tiger ya doke Singh a karawar, aka yi ta yi musu dariya. Wadda ta fi yi masa illa ita ce ta 2003, lokacin da aka gayyaci Annika Sörenstam ta Suwidin, gwanar golf ta mata, ta buga gasar Colonial tare da maza, mace ta farko da ta yi haka a jerin PGA tun Babe Zaharias a 1945. Singh ya fito fili ya ce ba wurinta ba ne, yana fatan kada ta tsallake tankaɗe. Hujjarsa ita ce ta tare gurbin wani da ke neman abincinsa, kuma mutumin da ya san zafin rasa gurbi yana iya faɗin haka da zuciya ɗaya. Duk da haka ina ganin ya yi kuskure. Gayyata ce da masu ɗaukar nauyin gasa ke da ikon ba wanda suka ga dama, matar kuma ta buga 71 da 74 cikin mutunci, ta jawo wa wasan masu kallon da ba su taɓa kula shi ba. Maganar ta manne masa a Amurka shekara da shekaru.

Sai kuma rigimar 2013, da ya faɗa wa wata mujallar wasanni cewa yana amfani da wani feshi da ake haɗawa daga ƙahon barewa, bai san ana cewa yana ɗauke da sinadarin da aka haramta ba. Hukumar PGA ta ɗauki matakin hukunta shi, sai hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta ce amfani da feshin shi kaɗai ba laifi ba ne, aka janye tuhumar a ƙarshen Afrilun shekarar. Singh bai bar maganar ba. Ya kai PGA kotu a New York kan ɓata masa suna, aka yi sama da shekara 5 ana shari'a kafin a sasanta a Nuwamban 2018. Wasu sun ga taurin kai ne. Ni ina ganin mutum ne da ya taɓa ɗanɗana abin da zargi ke yi wa suna tun yana ɗan 22, ya ƙudura ba zai sake yin shiru ba.

Kada kuma ka ɗauka ina ɗora shi a sahu ɗaya da Tiger. Tiger yana da manyan gasanni 15 da nasara 82 a jerin PGA. Singh yana da 3 da 34. Bai taɓa cin Open ta Amurka ko ta Birtaniya ba. Ya zo na 3 a ta Amurka a Pinehurst a 1999, ya zo na 2 a ta Birtaniya a 2003, bugu ɗaya bayan Ben Curtis, ran da ƙwallo ta yi ta wuce bakin rami. A yawan manyan gasanni Els mai 4 da Mickelson mai 6 sun sha gabansa.

Inda babu wanda ya kamo shi shi ne abin da ya yi bayan ya cika 40, shekarun da ake cewa ɗan golf ya fara gangarowa, baya ya fara ciwo, hannu ya fara rawa a kan gajeren bugu. Nasara 22 daga cikin 34 ɗinsa a nan suka zo, ya karya tarihin Sam Snead mai 17. An shigar da shi zauren girmama gwarazan golf na duniya a 2006 yana tsakiyar cin gasanni. A 2008, yana da shekara 45, ya ci gasa 3 cikin 'yan makonni, ya ɗauki kofin FedEx, na gwarzon ƙarshen kaka a jerin PGA, da ladansa na dala miliyan 10. A lokacin ya ce ya shawo kan matsalar gangarawa ne ta hanyar cusa wa kansa cewa babu wanda ya fi shi iya ta a duniya. Aikin tiyata a gwiwa a farkon 2009 ya rage masa kaifi, bai sake cin gasa a babban jerin ba. A jerin 'yan sama da 50 ya ci ɗaya daga cikin manyan gasanninsu, Senior Players, a 2018. Ya kuma ci gaba da shiga cikin matasa: ya zo na 2 a wata gasa ta jerin PGA a 2016 yana da shekara 53, a 2019 kuma, yana da 56, ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Honda Classic bugu ɗaya kacal bayan na gaba, ya gama a matsayi na 6, a gaban 'yan wasa da dama da ba a haife su ba lokacin da ya ci gasar Najeriya.